Ƙullutu a Wuya: Jini, Sikanin, Sannan Allura

Ƙullutun da ke fitowa a gaban wuya ya samu maɓoya mai kyau a ƙasarmu, wato ƙarƙashin hijabi. Mace a Yasore ko Wagini ko Runka sai ta yi shekara da shekaru tana ɗauke da shi ba wanda ya sani sai ita. Ba ya ciwo, bai hana ta daka ba, bai hana ta surfe ba, to don me za a kashe kuɗin mota a kansa? Sai ranar wani biki ko wankan jego wata mai ido ta ce, "Ke, wannan ba maƙoƙo ba ne kuwa?" Daga nan gida ya rabu biyu. Wasu su ce a kira wanzami ya yi sakiya, wasu su ce daji ne, kada a kuskura a bari ƙarfe ya taɓa shi. Duka ɓangarorin biyu sun yanke hukunci a kan abin da ba su gani ba, alhali akwai hanyar gani.

Wannan shawara taki ce, 'yar'uwa, tare da maigida ko ɗa ko ƙanen da zai raka ki asibiti. Maza ma suna samun ƙullutun, amma mata sun fi su nesa ba kusa ba. Sai dai in ya fito wa namiji, ko yaron da bai kai shekara 20 ba, ko dattijon da ya haura 60, likita ya fi sa masa ido, don a wurinsu ya fi yawan zama abin damuwa.

A ƙasan zakaran wuya akwai wata tsoka mai ɓari biyu da ta rungumi maƙogwaro, likitoci na ce mata tayirod. Aikinta fitar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, har da jinin al'ada. Ba ta iya wannan aiki sai da aidin. In aidin ya yi ƙaranci a abinci sai ta yi ta ƙoƙari tana kumbura, shi ne maƙoƙo, kuma bayan shekaru sai ƙulle-ƙulle su fito a cikinta. Mu nan mun yi nisa da teku, kuma cimarmu ta dogara ga gero da rogo. Batsari dai an san ta da rogo. Rogon da ba a jiƙa ko dafa shi sosai ba yana da wani abu da ke hana tayirod ɗaukar aidin, gero ma yana da nasa, amma illarsu ta fi fitowa ne a jikin da dama can aidin bai ishe shi ba. Ba ina cewa a bar fura da rogo ba ne. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, don haka ki sayi na leda mai hatimin NAFDAC, ki rufe shi, ki nisanta shi da rana da bakin murhu. Manda da sauran gishirin gargajiya da ke shigowa daga arewa ba a sa musu aidin.

Gishiri rigakafi ne. Ba ya narkar da ƙullutun da ya riga ya fito. Kuma kada wani mai kemis ya ba ki ƙwayar aidin ko ruwansa ki sha da sunan magani: a tsohon maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle, aidin mai yawa lokaci guda yana iya tunzura tsokar ta shiga aiki fiye da kima, zuciya ta rikice.

Ga abin da ya kamata ya kwantar miki da hankali. Da za a bi manya da na'urar sikanin ɗaya bayan ɗaya, za a iya samun ƙullutu a wuyan kusan rabinsu, yawancinsu ba su ma san da shi ba. A cikin ƙullutai 100, tsakanin 5 zuwa 15 ne kawai ke zama daji. Aikin likita shi ne ya tsince waɗannan 'yan kaɗan ba tare da ya yanka kowa da kowa ba. Abu uku yake yi, kuma a jere suke: jini, sikanin, sannan allura in ta kama. Matsala takan faro ne in aka tsallake ɗaya.

Kafin ki fita gida akwai gwajin da za ki yi da madubi da moɗar ruwa. Ki ɗan ɗaga haɓa, ki kurɓi ruwa, ki haɗiye kina kallon wuyanki. Ƙullutun tayirod yana hawa sama ya sauko tare da haɗiya. Wanda ke gefen wuya ko ƙarƙashin muƙamuƙi, bai motsa ba, wataƙila kaluluwa ce, ita kuma nata binciken daban, don tarin fuka ma yakan fito ta nan. Ko wanne ne dai a nuna wa likita. Amma akwai alamun da ba a jira a sayar da amfanin gona a kansu: murya ta dishe mako da makonni ba mura, abinci yana tsayawa a wuya, numfashi yana ƙara ko yana sarƙewa in kin kwanta rigingine, ƙullutun ya yi tauri ƙwarai kuma ba ya motsi, yana girma ana gani cikin 'yan watanni, ko kaluluwa ta fito kusa da shi. In akwai wanda ya taɓa yin dajin wuya a danginku, ko an taɓa gasa miki wuya ko ƙirji da na'urar maganin daji, ki faɗa tun ba a tambaye ki ba.

Wanzami kuwa a bar shi da askinsa. Tayirod tana cikin sassan jikin da jini ya fi kwarara cikinsu in aka gwada da girmansu, kuma manyan jijiyoyin jinin da ke zuwa kai suna gefenta. Sakiya ko tsaga a nan ba ta fitar da komai sai jini, ta bar miki tabo da ƙwayar cuta, ta kuma ƙara wa likitan tiyata wahala in daga baya aiki ya kama.

Matakin farko a babban asibitin Batsari ne, ko na Dutsin-Ma ga mutanen Safana. Likita ya taɓa wuyan, ya ji bugun zuciya, ya rubuta gwajin jini da ake kira TSH. In ba a yin sa a nan, ki karɓi takardar turawa zuwa Katsina. Wannan gwaji ba ya nuna daji. Abin da yake nunawa shi ne ko tsokar tana aiki daidai. In TSH ya yi ƙasa sosai, tsokar ta wuce gona da iri ke nan, kuma sau da yawa mai ita za ta ce ai dama tana fama da faɗuwar gaba, rawar hannu, zufa ko a lokacin hunturu, da rama alhali tana ci. Ƙullutun da ke fitar da sinadari da kansa da wuya ƙwarai ya zama daji, don haka ba allura ce a gaba ba, magani ne irin su Carbimazole, wani lokaci da wani hoto na musamman da ake yi a manyan cibiyoyi kamar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Wanda ya tsallake jini ya tafi allura kai tsaye yana iya biyan kuɗin abin da ba ya bukata.

In TSH daidai yake ko ya yi sama, sai sikanin. A nan nake so ki tsaya ki ji da kyau, don a nan aka fi asarar kuɗi.

Sikanin ɗin wuya na'ura ɗaya ce da ta masu ciki, sauti take aikawa ta karɓo, ba ta da hasken da ke cutarwa, mai juna biyu ma ana yi mata. Amma kan da ake ɗorawa a jiki ba ɗaya ba ne. Na ciki bakinsa a lanƙwashe yake, an yi shi don hango abu mai zurfi. Na wuya bakinsa a miƙe yake, yana nuna abin da ke kusa da fata dalla-dalla. Shagunan sikanin da yawa a garuruwanmu na masu ciki ne, sai a ɗora miki kan da bai dace ba, a ba ki takarda mai layi biyu cewa akwai maƙoƙo, abin da ke da maƙwabciyarki kuka riga kuka sani. Kafin ki biya ki tambaya: "Kuna da kan da ake duba wuya da shi? Likitan hoto ne zai rubuta sakamakon?" Ba rashin kunya ba ne. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu mutane ke ce wa Medikal Santa, akwai kuma asibitin ƙwararru na Janar Amadi Rimi. Gara a yi sau ɗaya a inda likitan da zai ci gaba da duba ki zai yarda da takardar.

Za ki kwanta rigingine, a sa matashi a ƙarƙashin kafaɗa, a shafa mai mai sanyi a wuya. Ba a azumi dominsa, ba ya ciwo, kuma bai cika wuce minti 20 ba. Ki sa riga mai faɗin wuya, ki bar sarƙa a gida. In kin fi son mace ta tsaya kusa da ke, ki nema.

Takarda mai amfani tana faɗin ƙullutai nawa ne, a wane ɓari, da girman kowanne ta fuska uku. Tana faɗin ko ruwa ne a ciki ko tsoka ko gauraye. Na ruwa zalla, da wanda ya cika da 'yan ƙananan ramuka, kusan kullum lafiyayyu ne. Abin da ke ɗaga wa likita hankali shi ne na tsoka zalla da ya fi sauran wurin duhu a hoto, wanda bakinsa ba sumul ba, wanda tsayinsa ya fi faɗinsa, ko mai ɗigo-ɗigon fari ƙanana a ciki. Dole kuma a duba kaluluwar wuya ta gefe biyu. A 2017 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tattara waɗannan alamu ta yi musu maki, shi ne za ki ga an rubuta TI-RADS, daga TR1 zuwa TR5. TR1 da TR2 ba sa bukatar allura. TR3 sai ya kai santimita 2.5, TR4 sai ya kai 1.5, TR5 kuwa daga santimita 1. Wanda bai kai ba sai a riƙa bibiyarsa da hoto. In takardarki ba ta da girma kuma ba ta da wannan lamba, ki koma ki ce a cika.

Kin ga ke nan girma kaɗai ba shi ne hukunci ba. Ƙaton maƙoƙon da ya cika wuya yana iya zama lafiyayye, ƙarami kuma da ba a gani sai a hoto ya zama shi ne matsalar. A wuyan da ke da ƙulle-ƙulle da yawa, wanda ya fi muni a hoto ake nufa da allura, ba lalle wanda ya fi girma ba.

Wani zai ce to me zai hana kowa ya je a duba shi tun bai ji komai ba? Koriya ta Kudu ta gwada. Sikanin ɗin wuya ya yi araha a can, mutane suka yi ta yi, zuwa 2011 yawan waɗanda aka ce suna da dajin tayirod ya ninka na 1993 sau 15, aka yi wa dubban mutane tiyata, amma yawan masu mutuwa da cutar bai canza ba. Ƙanana ne aka yi ta tonowa waɗanda da an bar su ba za su taɓa yin komai ba. Mu namu ciwon akasin haka ne, zuwa a makare. Amma darasin yana da amfani ga wanda aka yi wa hoton wani abu daban aka tsinci ɗan ƙullutu na milimita 5, ya hana kansa barci.

Sai allura, wadda a takarda ake rubuta ta FNAC. Kowa ya san maganar da ake yi, wai daji ba ya son ƙarfe, da an soka sai ya bazu. Na san inda maganar ta samo asali. Mutum ya zauna da ciwo har ya ci ƙarfinsa, aka kai shi asibiti a ƙurarren lokaci, aka ɗauki samfuri, bayan wata biyu ya rasu, sai dangi suka ɗora wa allura. Ciwon ya riga ya yi nisa kafin allurar ta zo. Wannan hanya ba sabuwa ba ce, likitocin Suwidin sun yi ta amfani da ita tun shekarun 1950, kuma yanzu duniya duka da ita ake aiki. Bazuwar dajin tayirod ta hanyar siririyar allura abu ne da ba a cika gani ba sam. Abin da ta jawo a zahiri shi ne raguwar tiyatar da ba ta da dalili.

Kin san yadda mai sayen hatsi a kasuwar Batsari yake yi: ba ya farke buhu, sai ya soka ɗan ƙarfen nan mai rami, 'yan ƙwayoyi su zubo a tafinsa, ya duba ya san abin da ke ciki. Haka allurar take. Ta fi wadda ake ɗibar jini da ita siranta. Za ki kwanta kamar na sikanin, a goge wuya da sifirit, wani lokaci a sa maganin kashe zafi. Likita ya soka sau biyu zuwa huɗu, kowanne na 'yan daƙiƙu, ya shafa abin da ya samu a kan gilashi a kai ɗakin gwaji. Lokacin da allura ke ciki kada ki yi magana, kada ki haɗiye yawu, kada ki yi tari. In tari ya taso ki ɗaga hannu. Ki roƙa a yi ta ana kallon na'urar sikanin, musamman in ƙullutun ƙarami ne, ko yana can baya, ko rabinsa ruwa ne, don a tabbata bakin allura ya shiga inda ake zargi. Ana yin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, amma ki fara tambaya a Katsina kafin ki ɗauki doguwar hanya.

Ki ci abincinki kafin ki je. In kina shan maganin tsinka jini irin su Warfarin, Clopidogrel ko Aspirin, ki faɗa tun ranar da aka ba ki rana, kuma kada ki daina da kanki. Juna biyu da shayarwa ba sa hana ta. Bayan an gama a danne wurin da auduga na 'yan mintuna, a manna filasta. Ɗan tsami na kwana ɗaya ko biyu ba komai, farasitamol ya isa. Shawarata ki zauna a harabar asibitin kamar rabin awa kafin ki hau mota, kuma ranar ki bar daka da ɗaukar ruwa a ka. In wuya ya kumbura nan take ko numfashi ya yi wuya, ki koma a guje. Ba a cika samun haka ba, amma shi ya sa ba a son ki kama hanyar Yasore da fitowarki.

Sakamako yakan ɗauki kwanaki, wani wuri mako ɗaya ko biyu. Za ki ga kalmar Bethesda, sunan garin da masana suka taru a Amurka a 2007 suka tsara yadda za a riƙa rubuta shi, tare da lamba daga I zuwa VI. Lamba II ita ce ta mafi yawan mutane: lafiyayye ne, ba tiyata, sai bibiya. Lamba I tana nufin ƙwayoyin da aka samo ba su isa a ce komai ba. Ba albishir ba ne kuma ba mugun labari ba ne, sai an sake, a wannan karon lalle da sikanin. Mutane da yawa a nan suke ɓacewa, su ce an duba ba a ga komai ba. Lamba III ba ta fito sarai ba, galibi ita ma maimaitawa ake yi. V da VI zargi mai ƙarfi ne ko tabbacin daji, sai tiyata.

Lamba IV ce mai wuyar bayani, kuma ta shafe mu, don irin dajin da ke ɓuya a bayanta ya fi yawa a wuraren da aidin ya yi ƙaranci. A wannan nau'i ƙwayoyin lafiyayyen ƙullutu da na mai daji kamarsu ɗaya a madubin likita. Bambancin yana jikin fatar da ta lulluɓe ƙullutun, ko ya huda ta ya fita ko bai huda ba. Ƙarfen mai hatsi yana nuna abin da ke cikin buhu, ba ya nuna ko buhun ya yage ta baya. Don haka likita zai ce a cire ɓarin tsokar da ƙullutun yake, a duba shi gaba ɗaya. Ba ruɗewa ya yi ba, kuma ba neman kuɗi yake ba. Mafi yawan masu lamba IV, bayan an cire, sai a tarar ba daji ba ne.

In ma dajin ne, Hajiya, ki sani na tayirod ba kamar na hanta ko na huhu ba ne. Nau'in da ya fi yawa a duniya yana tafiya a hankali, fiye da 90 cikin 100 na masu shi suna nan da ransu bayan shekara 10 in an yi aiki. Akwai mugun nau'i mai saurin gaske, amma kaɗan ne, kuma ya fi kama tsofaffin da suka daɗe da maƙoƙo. Kafin aiki ki tambayi likita ko ɓari ɗaya zai cire ko duka, da yadda zai kiyaye jijiyar murya. Wanda aka cire wa duka zai riƙa shan ƙwayar Levothyroxine kullum da safe kafin karin kumallo har iyakar rai, kuma da ita ana haihuwa ana shayarwa lafiya lau. Lafiyayyen maƙoƙo ma ana cire shi in ya danne maƙogwaro ko ya gangara cikin ƙirji.

Malam, kai da za ka raka ta, ga naka. Hanyoyin da ke kusa da dajin Rugu kowa ya san halinsu na rashin tsaro, ba a son zirga-zirgar da ba dole ba, kuma ba a son yamma ta yi wa mutum a hanya. Ka samu wani ɗan'uwa a Katsina ya tambayo maka ranar da likitocin tiyata ke ganin marasa lafiya na waje, da ranar da ake yin allurar, don ba kullum ba ne. Ku shirya kwana biyu ko uku a birni a haɗa jini da hoto, in Allah ya sa har da allura. Ka bar lambar waya mai aiki a ɗakin gwaji, ka tambaya ko wani zai iya karɓar sakamako a madadinku. In tana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, ka nuna katin tun a teburin farko. Kuma ka shiga wurin likita tare da ita in ta yarda, don kunya takan sa mace ta ce "ba komai" alhali dare ba ta barci saboda sarƙewar numfashi.

Wadda aka ce nata lafiyayye ne za a sa mata ranar sake hoto, galibi bayan shekara ɗaya zuwa biyu. Likita ba ya cewa ƙullutu ya girma don ido ya ga kamar ya girma; sai ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 ta fuska biyu, ko girmansa gaba ɗaya ya ƙaru da rabi, sannan a yi maganar sake allura. Ba zai iya wannan lissafi ba sai da tsohuwar takarda a gabansa. Ki haɗa ta jini da ta sikanin da ta allura a leda ɗaya, a kuma ɗauki hotonsu a waya a tura wa wani ɗan'uwa a birni, saboda gara da ruwan sama da halin gudun hijira. In murya ta canza ko ƙullutun ya yi tauri kafin ranar ta zo, ba sai kin jira ranar ba.